Kwamfutar Injiniya Azariya Ta Ɗauki Ciki

Duk wanda ya zauna a Kafanchan a ƙarshen shekarun casa'in bai san Injiniya Azariya Kumai ba, to ba zama ya yi ba, wucewa ya yi ta tasha. Garin na da fastoci, na da likitoci, na da tsofaffin direbobin jirgin ƙasa da suka ga teku da idonsu. Amma mutum ɗaya tak ya san abin da ke cikin hanjin kwamfuta, kuma Allah ya yi shi mai tausayin jama'a, ba ya barin kowa ya wahala wajen gano ko wane ne. Shi da kansa yake faɗa, tun kafin a gama gaisawa.

Asalinsa mai buga tafireta ne a ofishin reluwe, kuma a nan dole a ba shi haƙƙinsa, yatsunsa na da gudu. Da jirage suka yi ƙaranci ya ajiye aiki, sai ya hau mota ya tafi Jos kwas ɗin kwamfuta. Wata bai cika ba ya dawo da takardar shaida a cikin gilashi, da tabarau wanda ba na magani ba, da sunan Injiniya. Ba wanda ya ba shi sunan. Shi ya duba ya ga ya dace da shi, bai kuma ga dalilin wahalar da jami'a a kan abin da yake a fili ba.

Ya sayi kwamfuta ta hannu, ya kama shago a hanyar kasuwa, ya sa aka rubuta allo: Cibiyar Kimiyyar Kwamfuta ta Kumai, ta Ƙasa da Ƙasa. Allon ya fi shagon faɗi, har ya cinye rabin ƙofar mai gyaran takalmi da ke kusa. A ciki akwai kwamfutar, da firinta, da fanka. Fankar ta kwamfuta ce, mutane su yi fifita da takardunsu. Ba a shiga da takalmi. Mai mura ba ya wuce bakin ƙofa, domin Injiniya ya karanta cewa kwamfuta na kamuwa da ƙwayar cuta, kuma ba zai yarda ilimin duniya ya mutu saboda atishawar wani manomin citta ba. Shi kansa ba ya taɓa ta sai ya sa farar riga irin ta likita a kan kwat da nektayi. Ranar da ya bayyana wa 'yan acaɓa cewa abin nan mai wutsiya da yake turawa a kan tebur ɓera Turawa ke kiransa, ranar suka raɗa masa Baban Ɓera. Ya ji sunan, ya ce madalla, ilimi ya fara shiga talakawa.

Haka ya yi mulkinsa shi kaɗai har shekarar da soja suka koma bariki. A shekarar ce Augustina, 'yar wani tsohon ma'aikacin reluwe, haifaffiyar garin, ta buɗe nata shagon a tsallaken titi. Kwamfuta biyu ta ajiye. Ba farar riga, ba dokar takalmi. Ɗaliban kwalejin Gidan Waya su shiga da gyaɗarsu a hannu, su yi atishawa son ransu, a buga musu aikinsu su fita. Kwamfutocin suka ƙi mutuwa, abin da Injiniya ya ɗauka rashin kunya ce daga wajensu. Kullum da safe takan ɗaga masa hannu ta ce, "Baba, ina kwana," shi kuma ya amsa da haɓa, idonsa na kan allunan nan biyu masu haske a bayanta. Abinci ya daina yi masa daɗi. Matarsa Emilia ta canja miya, ta bar tuwon acca ta koma na dawa, duk a banza.

Ejike ne ya kawo maganin ba da saninsa ba. Mai sayar da kayan lantarki ne, yakan je Legas saro kaya, wannan karon kuma ya dawo da wani faifan sidi da aka ba shi gyara. Ya ce an gaya masa akwai wani firogiram a ciki da ke gina kwamfuta a cikin kwamfuta: ka buɗe taga a allonka, wata na'ura ta tashi a cikin tagar, da nata tsarin dabam, kamar ɗan haya a ɗakin baya. Ya ƙara da cewa shi dai bai gwada ba, shi rediyo da fanka ya sani. Injiniya ya karɓi faifan da yatsu biyu, ya ce ai ya daɗe da sanin wannan fasaha, jira yake kawai Legas ta kamo shi.

Ya rufe shago, ya manna takarda a ƙofa cewa ana binciken kimiyya. Abin ya ba shi wuya. Firogiram ɗin ya yi ta jera masa tambayoyi da Turancin da ba na reluwe ba, shi kuma yana amincewa da duk abin da ya fito, don kada na'ura ta zaci tsoronta yake ji. Da aka tambaye shi yawan wurin da za a yanka wa sabuwar kwamfutar a rumbun ajiyar tsohuwar, sai ya ba ta fiye da rabi, ba ya son a ce kwamfutar Injiniya Kumai a ƙuntace take zaune. Ta waje Windos take yi, mai hotuna da launuka. Ta ciki sai ya ɗora mata tsohon Dos da ya koya a Jos, baƙin allo da farin rubutu, tare da firogiram ɗin buga takardu mai shuɗiyar fuska, wanda ya haddace maɓallansa kamar Addu'ar Ubangiji.

Wata Alhamis da hantsi tagar ta buɗe. Ta yi baƙi, rubutu ya fara gudu a cikinta, ta yi ɗan kukan nan na tashi, sannan ta tsaya tana ƙifta masa ido tana jiran umarni. Kwamfuta sukutum a cikin kwamfuta. Azariya ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya fita daga tagar, ga Windos lafiya lau. Ya koma ciki, ga Dos. Ya yi ta shiga yana fita, kuma na ɗan wannan lokaci ya manta da Augustina, ya manta da farar riga, murna ce zalla ta kama shi, har ya yi 'yar rawa ba takalmi. Da ya dawo hayyacinsa sai ya aika a kira mai rubuta allo. Kafin yamma an ƙara layi: Kwamfuta Biyu, Ɗaya a Cikin Ɗaya.

Mutane suka yi ta zuwa kallo. Suka leƙa bayan tebur, suka leƙa ƙarƙashinsa, akwati ɗaya suka gani. Injiniya ya tsaya da sandar nuni ya yi musu jawabi.

"Jama'a, ido ba ya ganin ta biyun sai an wanke shi da ilimi. Wasu sun sayi akwati biyu, sun cika ɗaki da waya, suna shan wuta kamar gidan biredi. Wannan tunanin jiya ne. Ni na ɗauki ta biyun na sa ta a cikin ta farko. A Legas mutum biyu ne suka iya wannan, ɗayan ma ya tafi Amurka."

Wata mai sayar da doya ta tambaya ko ke nan kwamfutar ciki gare ta. Kafin ya gyara mata magana, labari ya isa kasuwa cewa na'urar Baban Ɓera ta ɗauki ciki. Alamu kuma suka goyi bayan labarin, don tun da aka raba mata ƙwaƙwalwa biyu jikinta ya yi nauyi. Ka danna harafi, ka gaisa da na kusa da kai, ka tambayi mutanen gida, sannan harafin ya fito. Injiniya ya ce ba nawa ba ce, natsuwa ce. Ya kasa ɗaliban da yake koya wa kwamfuta gida biyu, 'yan waje da 'yan ciki, duk a kan kujera ɗaya, sai dai ajin 'yan ciki ya fi tsada, tunda ba hoto ko ɗaya a wurin, sai mai zurfin karatu.

A daidai lokacin ne Mama Hellen, shugabar Zumuntar Mata a wajen Kagoro, take neman wanda zai buga musu littafi. Babban taronsu na tafe a ƙarshen damina, kuma sun yanke shawarar tattara waƙoƙin da iyayensu suka ƙirƙira tun zamanin mishan, waɗanda ba sa cikin kowane littafi, sai a bakin tsofaffi. Tsofaffin kuwa suna ta raguwa. Mama Hellen tsohuwar nas ce, ba ta da yawan magana. Shagon Augustina ta nufa, Injiniya ya tsallaka titi da farar rigarsa ya tare ta.

"Mama, waƙar Ubangiji ba a ajiye ta inda ake cin gyaɗa. Ki kawo a sa a ta ciki. Ƙwayar cuta ba ta san hanyar wurin ba. Shekara ta dubu biyu da ake cewa za ta haukata kwamfutocin duniya, a ta waje za ta tsaya. Ko ɓarawo ya shigo ya ɗauke wannan akwati, ta waje ya sata, ta ciki na nan."

Mama Hellen ta tambaya ko ba za a riƙa kwafewa a ɗan faifai ta ajiye a gida ba, don ta ji ana yin haka. Ya yi mata murmushin da malami ke yi wa ɗan aji ɗaya, ya ce faifai na masu kwamfuta ɗaya ne. Ta tuna Emilia 'yar zumuntarsu ce mai ƙwazo, ta kuma san mijin da saurin hannu, sai ta yarda.

Makonni aka yi ana aikin. Mata su cika bas daga Kagoro, su jera takalma, su zauna a benci su rera, wasu da Hausa, wasu da yaren gida, shi kuma yana bugawa. Saboda su ya ɗage dokar mura, ya ce binciken baya-bayan nan ya nuna waƙa na kashe ƙwayoyin. Waɗanda suka zo da waƙa a rubuce a bayan kalanda, in ya gama sai ya watsar da takardun, ya ce zamanin takarda ya wuce. Mai ƙosan bakin titi ta yi ta naɗe ƙosai da su.

Mafi wuya ita ce Iya. Tsohuwa ce tukuf, a wani ƙauye can kan dutse take, kuma mafi tsufan waƙoƙin a kanta kaɗai suka rage. Da ƙyar aka lallashe ta, jikokinta suka sauko da ita, aka ɗora ta a acaɓa karo na farko a rayuwarta. Ta iso tana kiran sunan Yesu. Ta yini tana rerawa, ta ƙi kallon allon. Da yamma ta sanar da kowa cewa ta ba da abin da ke cikinta, kuma da an mayar da ita gida, ita da abin nan mai ƙafa biyu har abada.

Littafi ya kammala. Mai ƙaramin tunani da sai ya fitar da shi a takarda nan take ya miƙa wa masu shi. Injiniya ba ya cikin masu ƙaramin tunani. Ya ce shafin farko da zai fito daga kwamfutar ciki abin tarihi ne, dole a yi shi gaban shaidu. Ya hayo kujeru da rumfa, ya fito da na'urar bakin titi a kan tebur mai farin ƙyalle, ya ja wuta daga janareto. Ya gayyaci kansila, da fasto, da wani malamin kwaleji, da Ejike. Augustina ya ba ta kujerar gaba. Matan zumunta suka zo da ankonsu suka cika wuri.

Bayan addu'a ya yi jawabi a kan tarihin lissafi, tun daga Masar har zuwa kansa. Sannan ya juya ga na'ura. Bai ta da ta ciki ba tukuna, so yake ya fara fitar da takardar maraba da ya shirya a ta waje, mai ɗauke da hotonsa. Ya danna. Firinta ba ta motsa ba. Wani ɗan saƙo ya fito a allo cewa rumbu ya cika, ba wurin aiki, sai an share wani abu.

Da wani ne da ya ruɗe. Injiniya darasi kyauta ya gani. Ya ce jama'a su matso su ga yadda ake tiyata. Ya jera fayilolin rumbun daga babba zuwa ƙarami, sai ga wani shirgege a sama, shi kaɗai ya cinye fiye da rabin wurin. Sunansa wasu haruffa ne marasa kan gado. Ya karanta su da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya, aka yi dariya.

"Kun gan shi? Ni ban rubuta shi ba. Ba takarda ba ne, ba hoto ba ne. Ya zauna ya yi ƙiba a kan guminmu, ba ya tsinana komai. Ranka ya daɗe kansila, irin waɗannan ne suka cika ofisoshin ƙasar nan. Yau za ku ga yadda ake sallamar malalaci."

Ya danna sharewa. Kwamfuta ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya fassara wa jama'a tambayar, ya ce su dubi ladabin na'ura, amma shi tun da ya baro Jos bai taɓa yin abu cikin shakka ba. Ya amsa mata e. Ta dawo ta ce fayil ɗin ya fi ƙarfin kwandon shara, in an share shi ya tafi ke nan ba dawowa, a ci gaba? Ya ce kun ji, ko shara ma ta ƙi shi. Ya danna da yatsa ɗaya, yana kallon Augustina. Wuri ya samu, firinta ta tofo hotonsa. Aka yi tafi, mata suka yi guɗa, kansila ya miƙe ya ba shi hannu.

Sai aka zo kan babban al'amari. Ya roƙi Mama Hellen ta tsaya kusa da shi, ya danna don ta da kwamfutar ciki. Tagar ta buɗe, amma ba ta yi baƙi ba, ba ta yi kukan tashi ba. Layi ɗaya ta rubuta, cewa ba ta ga rumbunta ba, wani fayil take nema. Ta ba da sunansa. Haruffan nan ne da ya gama karantawa ana dariya.

Azariya ya karanta layin, ya sake karantawa. Nan ya gane abin da bai tsaya ya tambaya ba tun ranar farko. Kwamfutar ciki, da Dos ɗinta, da waƙoƙin mata, da yinin Iya, duk a cikin wannan fayil ɗaya suke zaune. Shi ne wurin da ya yanka mata da hannunsa. Gumi ya bi nektayi ya sauka. Ya rufe tagar ya buɗe. Ya kashe na'ura ya kunna. Ya leƙa kwandon shara, wayam.

Ya juyo ya gyara murya, ya ce kwamfutar ciki ta shiga wani hutu na fasaha wanda masana ke kira... Sunan ya ƙi zuwa. Malamin kwaleji ya duƙufa yana nazarin takalminsa. Kansila ya tuna yana da wani taro. Ejike ya ce shi fa ɗauko faifai kawai ya yi. Augustina ta leƙa allon ta karanta, ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Baba, sannu," kuma abin da ya fi ƙona masa rai shi ne da gaske take.

Mama Hellen ba ta ɗaga murya ba. Ta jira aka watse, ta tambaye shi abu ɗaya, waƙoƙin na nan ko ba sa nan. Ya fara bayani a kan rumbu. Ta sake tambaya. Ya ce ba sa nan. Ta ce to, taro ya kusa, an riga an sanar a coci-coci cewa za a raba littafi, tsofaffi kuma sun sa rai. Mata za su dawo su sake rerawa, a ta waje, kuma kowace yamma zai fitar da abin da aka yi a takarda ya ba Emilia ta kai mata. Amma Iya ta yi magana gaban mutane, ba mai kawo ta Kafanchan. Shi zai hau.

Ya hau. Da kwat ya tafi da takalmi mai sheƙi, ya ce ko a kan dutse dole a san wanda ya zo. Bas ta ajiye su Kagoro, daga gindin dutse kuma sai ƙafa. An yi ruwa da asuba, hanya ta yi santsi. Ya zame ya zauna a taɓo, ya tashi, ya sake zama. Kwat ya koma hannu, nektayi ya koma aljihu. Emilia na gaba da rikodar ɗaukar murya a ka, ko haki ba ta yi, ba ta kuma waiwayo shi. Shi da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi.

Suka tarar da Iya tana tsintar acca a tsakar gida. Aka yi mata bayani da ƙarfi a kunne. Ta tambaya ina ya kai waƙoƙin. Emilia ta ce ya zubar. Iya ta dube shi tun daga taɓon gwiwa har tabarau, ta ce za ta sake, amma ta gama rera wa akwati waƙa a bushe. Waƙar zumunta sai da amshi, sai da tulu. Emilia za ta riƙe rikoda, matan gidan sun tafi gona, saboda haka yaron nan ya ɗauki tulu.

Azariya ya waiga ko akwai wani yaro. Babu. Ya so ya yi bayanin matsayinsa, amma Iya ba ta ji sosai, abin da ba ta so kuwa ba ta jinsa sam. Ya zauna a kan turmi, ya rungumi tulun ƙasa, ya fara bugun bakinsa da tafin hannu. Da farko ta yi ta tsayar da shi, ta ce kamar mai korar kaji. Amma kafin rana ta yi tsaka ya kama kiɗan, har yana ƙara 'yan salo. Amshin ma ya shige shi, da siririyar murya, don Iya ta ce ba ta son ƙaton wuya a waƙarta. Ba hawa ɗaya ya yi ba, domin Iya na gajiya da wuri, kuma takan tuno wata waƙar bayan sun sauka.

Littafi ya fito ana gobe taro. A kwamfuta ɗaya aka buga shi, kamar na kowa, rabin shafukan ma firintar Augustina ce ta fitar, don tasa ta yi zafi. Da ya ga littattafan a ɗaure sai ransa ya fara dawowa. Ya gaya wa 'yan acaɓa cewa abin da ya faru gwaji ne da ya shirya, don ya nuna wa jama'a haɗarin dogara ga na'ura. Da Mama Hellen ta aiko cewa lallai ya zo taron, za a kira shi gaba, sai ya kai kwat wanki da guga, ya zauna ya rubuta jawabi mai taken Kwamfuta da Makomar Mace a Sabon Ƙarni.

Filin cocin ya cika maƙil, kowace ƙungiya da zanenta da ɗankwalinta. Iya ma ta zo, a kujera jikokinta suka ɗauko ta, tunda cocin a gindin dutse yake. Ta ce don Ubangiji za ta sauko, ba don akwati ba. Aka raba littafi, tsofaffi suna shafa bangonsa, har waɗanda ba su iya karatu ba.

Sai Mama Hellen ta ɗauki makirfo ta kira Baban Joanna, mijin Emilia, yadda ake kiransa a coci da sunan 'yarsu ta fari. Ya ɗan jira ko sauran sunayen na tafe. Ba su zo ba. Ya miƙe duk da haka, ya taka a hankali ta tsakiyar mata, yana ɗaga hannu dama da hagu, jawabi a naɗe a ɗaya hannun. Da ya isa gaba ya miƙa hannu ga makirfo. Mama Hellen ta wuce hannun ta kai shi bakin Iya. Wata mata ta karɓi jawabin, ta ɗora masa tulu.

Iya ta yi magana da Hausarta ta kan dutse, lasifika ta kai muryar har bakin titi.

"Wannan ne yaro da ya zubar da waƙa na. Akwati ya tambaye shi, ya sake tambaye shi, shi bai ji ba. Kai nashi ba ya aiki sosai. Amma hannu yana da kyau. Ku yi mashi addu'a."

Fili ya ɗauki amin da murya ɗaya. Iya ta ɗaga waƙa. Azariya ya tsaya da tulu a ƙirji, ya dubi taron, ya dubi jawabinsa da matar nan ta riga ta fara fifita da shi. Wurin kiɗa ya zo, hannunsa ya faɗa kan tulun kafin ya yi shawara da shi. Ya buga, kuma a faɗi gaskiya ya buga da kyau. Tsofaffi suka miƙe suna rawa, wasu na share hawaye don sun ji waƙar iyayensu da suka zaci ta tafi. Wata ta zo ta yafa masa ɗankwali a wuya, a kan nektayi, haka ya ƙarasa waƙoƙin da shi.

Bayan an tashi, yana tsaye gefen bas yana bayyana wa direba cewa kiɗa ma reshen lissafi ne, sai ga shugabannin mata na garin Kasuwan Magani sun nufo shi. Ya gyara tsayuwa, ya laluba aljihu ya zaro katinsa mai sunan Cibiya. Suka gaishe shi da ladabi, suka wuce shi, suka tsaya gaban Emilia. Nasu taron na tafe bayan girbi, in ji su, ko za ta ara musu maigidan.

Emilia ta ce ba damuwa, za ta turo shi. Ta ɗan yi tunani, sannan ta ƙara da cewa, "Tulu kawai za ku ba shi. Kada ku ba shi ajiya."